Sudan ɗin Shehu da Sudan ɗin Hartum

Bayan sallar la'asar ne, a wani zaure da nake zuwa ɗaukar karatu a shekarun baya. Malam ya jingina da bango a kan buzunsa, ya zaro wasu 'yan warƙoƙi da suka sha hannu har gefensu ya yi baƙi, ya ce yau za mu taɓa wasiƙar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka fi sani da Wasiƙatu Ahlis Sudan. Bai rufe baki ba wani yaro ɗan sakandare da ke zaune a bakin ƙofa ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe Shehu har mutanen Sudan ya rubuta wa takarda?" Malam ya ɗago kai ya dube shi, ya nuna daɓen zauren da yatsa, ya ce, "Ɗana, ai kai ne ahlus Sudan. Nan inda kake zaune, nan ne Sudan ɗin da Shehu yake nufi."

Yaron bai yi abin zargi ba. Duk wanda ya tashi da rediyo a kunne, in aka ce Sudan, Hartum zai tuna, da Darfur, da Umar al-Bashir, da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Amma shekaru ɗari biyu da suka wuce, malamin Katsina ko na Alkalawa in ya rubuta wannan kalma garinsu yake nufi. A tsakanin waɗannan ma'anoni biyu akwai wata Sudan ta Faransawa, akwai sarautar gargajiya a jihar Neja, akwai majami'u a Filato, akwai har da sinadarin da ake zuba wa manja. Ba irin takwarantakar da muka saba ba ce, inda Musa biyu suka haɗu a aji ɗaya don kawai iyayensu sun zaɓi suna guda. Nan sunan ɗaya ne tun asali. Tafiya ya yi ta yi, yana sauka a wuri ya tashi, har ya je ya tare a ƙasa guda ya bar sauran.

Kalmar Larabci ce, jam'in aswad, wato baƙi. Biladus Sudan na nufin ƙasashen baƙaƙen fata. Ba wata ƙasa mai sarki da iyaka ake nufi ba. Abin da ɗan kasuwar Maroko ko na Masar yake kiran duk abin da ke bayan hamada ke nan, tun daga bakin Tekun Atalantika har a doshi Bahar Maliya. Marubutan Larabawa na da ma sukan ware mutanen gabas su kira su da sunayensu, Nuba da Habasha da Buja da Zanj, sai ya zama kalmar Sudan ta fi zama a kan namu ɓangaren na yamma. Da Ibn Battuta ya ƙetare Sahara a 1352, garin da ya kira farkon ƙasar Sudan shi ne Walata, wanda yau yake cikin Muritaniya. Ya je Mali, ya biyo ta Tumbuktu da Gawo, ya komo ta Takedda a yankin Agadas, har ya ambaci Gobir a cikin wuraren da ake kai tagullar Takedda. Duk wannan yawo a Sudan ya yi shi, alhali yana nesa da Kogin Nilu da tafiyar watanni.

Haka littafin da Abdurrahman as-Sa'adi ya rubuta a wajen 1655, Tarihus Sudan. Wanda ya saye shi don neman labarin Hartum zai ajiye shi da takaici, domin labarin Tumbuktu ne da Jenne da sarakunan Songhai, da yadda Kanta na Kabi ya bijire wa Askiya, da yadda sojojin Maroko suka rusa daular a 1591.

Tun a wancan zamani sunan yana ɗauke da nauyi. Sunan launi ne, kuma a kasuwannin arewacin Sahara launin ya fara zama hujjar sayar da mutum. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda Marokawa suka kama suka kai Marrakesh a 1594, ya ga haka da idonsa. Mutanen Tuwat, can cikin Sahara, suka aiko masa tambaya a kan bayin da ake kawowa daga Sudan, ya amsa musu a 1615 da fatawar da ake kira Mi'irajus Su'ud. Ya ce baƙar fata ba ita ce dalilin bauta a shari'a ba, ya lissafa ƙasashen da mutanensu Musulmi ne tun da daɗewa, irin su Borno da Kano da Katsina da Songhai, ya ce mallakar mutanensu haramun ne. Mutumin da ake yi wa laƙabi da as-Sudani ne ya tsaya yana rarrabe wa masu tambaya cewa a ƙarƙashin wannan suna guda akwai al'ummomi daban-daban, kowace da sarkinta da alƙalinta.

Malaman jihadi sun gaji kalmar a haka. Shehu yana da wani littafin ma, Tanbihul Ikhwan ala Ahwali Ardis Sudan, kuma ƙasar da yake jan hankalin 'yan uwa a kan halinta ita ce ƙasar Hausa da maƙwabtanta. A rubuce-rubucensu, in suka ce sarakunan Sudan, su Yunfa na Gobir da takwarorinsa na Katsina da Kano da Zazzau suke nufi. Sau da yawa kuma sukan yi amfani da kalmar don bambanta Hausawa da Fulani da Azbinawa. Ka ga sunan ya ɗan ƙara matsewa ke nan, ya tashi daga kan kowa ya koma kan wasu.

Abin da ya faru bayan haka shi ya fi ba ni mamaki. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu, ya nausa kudu yana yaƙi a ƙasashen Gwari da Kambari. A 1859 ɗan uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya naɗa shi Sarkin Sudan, bayan 'yan shekaru ya kafa Kwantagora. Har yau sarautar Sarkin Kwantagora ke nan, Sarkin Sudan. To wace Sudan? Ba ta Sakkwato ba, tunda Sakkwato ce ta yi naɗin. Ƙasashen da ke kudu ne, waɗanda daular ba ta riga ta shigar cikinta ba. Balarabe ya tsaya a Fas ta Maroko ya nuna kudu ya ce Sudan. Basakkwace ya tsaya a Sakkwato ya nuna kudu ya ce Sudan. A Muritaniya har gobe Larabawan ƙasar suna kiran kansu Bidan, farare, suna kiran zuriyar bayinsu na da Sudan, alhali harshensu ɗaya, addininsu ɗaya. A mafi yawan tarihinsa, wannan suna ne da wani yake laƙaba wa wani, kuma mai laƙabawar yakan tsaya ne ta arewa.

Da Turawa suka zo sai suka tarar da kalmar a littattafan Larabawa, suka ɗauke ta yadda take. Faransawa suka hau Kogin Senegal suka gangara Kogin Kwara, a 1890 suka raɗa wa abin da suka ci suna Sudan ta Faransa. Sunan ya ɓace na wani lokaci, ya sake dawowa a farkon shekarun 1920, hedikwata a Bamako. Ingilishi kuma suka riƙa cewa Sudan ta Yamma da Sudan ta Tsakiya, mu muna cikin ta tsakiyar tare da Borno. Da H. R. Palmer, wanda ya yi Laftanan Gwamnan Arewa, ya tattara fassarar tsofaffin rubuce-rubucen Larabci na ƙasarmu a 1928, ciki har da tarihin sarakunan Kano, sunan da ya sa wa littafin Sudanese Memoirs. A Legas aka buga shi.

'Yan mishan ma haka. A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar shiga can cikin Sudan. Biyu sun mutu cikin shekara guda, Bingham ya rayu ya ci gaba, sai a 1902 suka samu kafa tasharsu ta farko a Patigi. Ƙungiyarsu ita ce Sudan Interior Mission, wato SIM, wadda ta haifi cocin ECWA a 1954, kuma ita ta gina asibitin Galmi a Nijar. A 1904 wani Bajamushe, Karl Kumm, ya jagoranci wata tawagar, Sudan United Mission, suka fara zama a Wase. Majami'un da suka fito daga wannan aiki da Hausa suka raɗa wa kansu suna: Ekklesiyar Kristi a Sudan, EKAS a taƙaice. A 1955 suka haɗu suka kafa Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Sudan, wato TEKAS. Mutanen Langtang ne da Panyam da Numan da Garkida, babu wanda ya taɓa ganin Nilu a cikinsu sai ƙalilan. Daga baya, da kalmar ta fara rikita mutane, aka cire Sudan aka sa Nijeriya, TEKAS ta koma TEKAN. Wannan harafi guda da aka canza ya isa shaida cewa sunan ya riga ya bar hannunmu.

Wuri ɗaya da ya rage mana shi ne darasin labarin ƙasa. Ɗalibin da ke Kano ko Katsina ko Sakkwato ana koya masa cewa yana zaune a yankin dajin Sudan, mai gajeriyar ciyawa da kuka da gawo da tsamiya da aduwa, inda damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. In ya hau mota ya nufi Kaduna, sai littafin ya ce masa ya shiga dajin Gini, wani sunan da shi ma ƙasashe huɗu suke raba shi. A Nijar kuwa yankin Gaya, can ƙuryar kudu inda ruwa ya fi sauka, shi malaman gona suke kira yankin Sudan, abin da ke arewa da shi Sahel ne. Masu nazarin gine-gine ma suna kiran irin masallacin Jenne da hasumiyar Agadas da masallacin Larabanga na Ghana ginin Sudan.

To yaya aka yi ƙasar Nilu ta tafi da sunan ita kaɗai?

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, mutanen can ba su kasance suna kiran ƙasarsu haka ba. Akwai daular Funj mai hedikwata a Sinnar, wadda ta rayu daga 1504 zuwa 1821. Akwai daular Darfur da sarakunanta. Akwai Kurdufan, akwai ƙasar Nuba, akwai ƙabilun bakin kogi irin su Ja'aliyyin da Shaiƙiyya, kowa da sunan da yake alfahari da shi. Muhammad Ali Basha na Masar ne ya turo runduna a 1820, yana neman zinariya da mazan da zai mayar sojoji, Sinnar ta faɗi a 1821, aka gina Hartum a mahaɗar koguna biyu. Ma'aikatan Alƙahira suka riƙa kiran wannan sabon yanki nasu Sudan, kamar yadda duk mai tsayuwa a arewa ya saba. Mahadi ya kore su, ya ci Hartum a Janairun 1885. Ingilishi suka dawo da sojan Masar suka karya Mahadiyya a Karari ranar 2 ga Satumban 1898, a 1899 aka kafa mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar. Darfur ma ba ta shigo ba sai 1916, bayan an kashe Sarki Ali Dinar. Iyakar da muke gani a taswira, ƙwaryar da aka zuba sunan a ciki, ba ta fi wannan tsufa ba.

Ko a lokacin, ɗan gidan mutunci a Omdurman ba ya son a ce masa Sudani. Kalmar ta bayi ce da 'ya'yan bayi, da sojojin da aka ɗebo daga kudu da duwatsun Nuba. Shi Ja'ali ne, ko Shaiƙi, ko Balarabe kawai. Shi ya sa abin da ya faru a 1924 yake da muhimmanci. Wanda ya jagoranci ƙungiyar Farar Tuta da ta tayar wa Ingilishi hankali, Ali Abdullatif, hafsan soja ne, uwarsa Dinka, ubansa mutumin Nuba, wato daga cikin waɗanda ake kira Sudani don raini. Wasu manyan gari sun ƙi bin sa saboda asalinsa. Amma samari 'yan boko na shekarun 1920 da 1930 suka ɗauki kalmar suka wanke ta a waƙoƙi da jaridu, suka mayar da ita sunan ɗan ƙasa, domin ba su da wata kalmar da za ta haɗa Ja'ali da Bafur da Dinka a inuwa ɗaya. Ina ganin wannan abin a yaba ne. Mutane sun karɓi sunan da aka yi don ƙasƙanta wasunsu suka ɗora a kan tuta. Ranar 1 ga Janairun 1956 Jamhuriyar Sudan ta samu 'yanci.

Ta riga kowa, shi ke nan sirrin. Lokacin Sudan ta Faransa tana nan, jam'iyyar Modibo Keita ma sunanta Union Soudanaise. A 1958 ta zama jamhuriya mai cin gashin kanta a ƙarƙashin Faransa, ita ma da sunan Sudan. Ta haɗu da Senegal suka kafa Tarayyar Mali, suka samu 'yanci tare ranar 20 ga Yunin 1960, wata biyu kacal tarayyar ta watse. Bamako ta tashi da zaɓi biyu, ko ta koma sunan da wata ƙasa ta riga ta kai Majalisar Ɗinkin Duniya, ko ta riƙe na tarayyar da ta mutu. Ranar 22 ga Satumban 1960 ta zaɓi Mali, sunan daular Mansa Musa. Daga ranar Afirka ta Yamma ta saki kalmar da ta ɗauka kusan shekara dubu.

Mutanen kudancin Sudan kuwa, da suka yi yaƙi biyu da Hartum, suka kaɗa ƙuri'ar rabuwa da fiye da kashi 98 cikin ɗari a Janairun 2011, an zaci za su yar da sunan. An kawo shawarwari, har da Kush da Jamhuriyar Nilu. Suka ƙi, suka ce Sudan ta Kudu, aka ɗaga tuta a Juba ranar 9 ga Yulin 2011. Ban ga laifinsu ba. In dai ma'anar kalmar ake bi, babu wanda ya fi su cancanta da ita.

Akwai kuma abubuwan da sunan ya manne musu a hanya. Gyaɗa asalinta Kudancin Amurka, amma Balarabe ful sudani yake ce mata, waken Sudan. Akwai wasu sinadaran rini da ake kira Sudan, masu lamba ɗaya zuwa huɗu, na rina man takalmi da kakin zuma da makamantansu, waɗanda aka haramta sa su a abinci don ana zargin suna jawo ciwon daji. A 2005 an kwashe ɗaruruwan kayan abinci daga kantunan Ingila saboda su, a 2015 hukumar abinci ta Ghana ta same su a manjan kasuwannin Accra, inda ake zubawa don man ya yi ja wur ya ja hankalin mai saye. Akwai nau'in cutar Ebola da ake kira na Sudan, wanda ya fara ɓulla a 1976 a Nzara da Maridi, garuruwan da yanzu suke Sudan ta Kudu, kuma shi ne ya addabi Uganda a 2022. Irin wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 a daina sa wa sababbin cututtuka sunan wuri. Har karkanda akwai mai suna Sudan, namiji na ƙarshe a jinsinsa na farar karkandar arewa. An kama shi yana ƙarami a 1975, ya yi mafi yawan rayuwarsa a gidan namun daji a ƙasar Cek, ya mutu a Kenya ranar 19 ga Maris na 2018.

Waɗannan duka ruɗani ne da ake warwarewa da bayani guda. Wanda ba ya warwaruwa da bayani shi ne na 'yan uwanmu da ke zaune a can.

Kafin jirgin sama, hanyar Makka ta ƙasa ce. Mutum ya bar Kano ko Katsina ko Damagaram da iyalinsa da jakinsa, ya bi ta Borno, ya ƙetare Wadai ta Abeche, ya shiga Darfur ta Jinaina, ya wuce Fashir da Ubayyid, ya isa Nilu, daga nan Sawakin, ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma, a yi ɗinki, a yi wanzanci ko koyar da allo, a tara abin da za a ƙara gaba. Wasu sun isa sun dawo. Wasu sun isa, a hanyar dawowa suka zauna. Wasu an haife su a hanya, sun tsufa a hanya, suna cewa baɗi za su ƙarasa. Sai kuma babbar hijira. Da Turawa suka ci Sakkwato a Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya nufi gabas da dubban jama'a, aka tare shi a Burmi aka kashe shi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, ya ja ragowar mutanen, Fulani da Hausawa, suka ci gaba har bakin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar, suka kafa gari. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka ɗauki aikin, haka gonakin dawa da riɗi na Gadarif. Yau akwai Hausawa a Kassala da Gadarif da Sinnar da Damazin da Kosti da Nyala da Bur Sudan da Hartum kanta.

Zumuncin bai tsaya a kan talakawa ba. Malaman Sudan ne suka koyar a makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Sheikh Abubakar Gumi ya yi karatu a kwalejin Bakhtur Ruda ta Sudan. Kwamitin masana shari'a da ya zauna a Kaduna a 1958 Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, shi ya shugabance shi, kuma dokar hukunta laifuka ta Arewa a kan ta Sudan aka ɗora ta.

Duk da haka, mutanen da suka fito daga ƙasar da Shehu ya kira Sudan, da suka isa ƙasar da Masarawa suka kira Sudan, ba a ce musu Sudani ba. Fallata aka ce musu, ko Takarir, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare duk a kwando ɗaya. Takrur ɗin ma wata tsohuwar daula ce a bakin Kogin Senegal da sunanta ya yi irin wannan yawo, har ya zama abin da ake kiran duk baƙin Afirka ta Yamma a Masar da Hijaz, daga nan muka samo kalmar takari da muke faɗa yau. Da aka zo rubuta dokar zama ɗan ƙasa a 1957, sai aka ce ɗan Sudan na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disambar 1897. A duba wannan rana da kyau. Shekara biyar da 'yan watanni ce kafin Burmi. Duk wanda ya biyo Mai Wurno, da duk wanda ya zo noman Jazira, ya faɗo a bayan layi. An sassauta ranar daga baya, amma tambayar da dokar ta shuka ta riga ta yi saiwa a ofisoshin ba da takardar ɗan ƙasa da kuma bakin mutane: kai ɗan ina ne asali?

A Yulin 2022 wannan tambaya ta ci rayuka a jihar Nilul Azraƙ, wadda kafafen labarai ke kira Blue Nile. Hausawan jihar sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu a cikin tsarin mulkin gargajiya na yankin. Shugabannin wasu ƙabilun da ke ganin su ne masu ƙasa suka ce sarauta tana tafiya ne da mallakar ƙasa, baƙo kuwa ba shi da ita. Faɗa ya tashi a Rusairis da kewayenta, mutum fiye da ɗari suka mutu, dubbai suka bar gidajensu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Bur Sudan da Hartum. A Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi, aka kashe kusan mutum ɗari biyu cikin kwana biyu. An yi asara ta kowane ɓangare, kuma 'yan Sudan da yawa sun ɗora laifin a kan masu mulki da tsofaffin 'yan tawaye da ke neman magoya baya ta hanyar ƙabila.

Ba ina cewa tsohuwar ma'anar kalma tana ba wa wani gona a bakin Nilu ba. Mutanen Funj da Berta da Hamaj suna da tarihinsu a wannan ƙasa, suna da tsoronsu na a mayar da su 'yan kallo a gidansu, kuma sun sha wuya a hannun Hartum fiye da yadda muka sani. Hujjar Bahaushen Damazin ba ta cikin littafin as-Sa'adi. Tana cikin kabarin kakansa da ke bayan gari, da gonar da ubansa ya sare, da Larabcin Sudan da ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Abin da ke ci mini rai shi ne mu nan gida ba mu san wannan labari ba. Da aka kwaso ɗalibanmu daga Hartum a 2023 ta iyakar Masar, mun bi labarin motocinsu sa'a bayan sa'a, kuma ya dace mu bi. Amma Hausawan da ba su da wata ƙasar da za a kwaso su zuwa cikinta, waɗanda Sudan ce kaɗai gidan da suka sani, ba mu cika tambayar yadda suka kwana ba.

Garin da ɗan Attahiru ya kafa yana nan a gaɓar kogi kudu da Sinnar, sunansa Mai Wurno, zuriyarsa suna riƙe da sarautar garin. Wurno ta asali kuma tana arewa maso gabas da Sakkwato, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina, inda aka binne shi a 1837. Marigayi Alhaji Shehu Malami, wanda ya yi jakadan Nijeriya a Afirka ta Kudu ya rasu a 2022, a wannan gari ya riƙe sarauta, kuma sunan sarautar Sarkin Sudan na Wurno.